Kundin aikin ƙera ƙaramin Junkers J 13 na 1919, ma'auni ɗaya bisa goma

6 ga Oktoba

An tsayar da magana kan jirgin saman da za a ƙera da kuma girmansa. Samfurin farko na Junkers F 13 ne, wanda a masana'antar Hugo Junkers da ke Dessau a Jamus aka fara kira J 13. Otto Reuter ne ya jagoranci zana shi, ya kuma fara tashi ranar 25 ga Yunin 1919, Emil Monz na tuƙi. Namu ba na tashi ba ne, na ajiyewa ne a kalla, amma da fatar alminiyam ta gaske mai tudu da kwari irin na kwanon rufi, da ɗakin fasinja da za a iya buɗe ƙofarsa a leƙa.

Ɗaya bisa goma aka zaɓa saboda lissafinsa ba ya ruɗa kowa. Faɗin fikafikan asali mita 14.82 ne, namu santimita 148. Tsawonsa mita 9.59, namu santimita 96. Da an yi ƙasa da haka, layukan kwanon za su yi ƙanƙantar da hannu ba zai iya fitar da su a ƙarfe ba.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani tun yau. An ƙera F 13 sama da 300 har zuwa 1932, kuma jirgin ya yi ta sauya kama a hanya: fikafikai suka kai mita 17.75, wutsiya ta ƙara girma, aka koma injunan kamfanin kansa irin su L 5 mai ƙarfin doki 310. Yawancin hotunan da ke yawo na waɗannan na baya ne. Wanda ke gidan tarihin Deutsches Museum a Munik, wanda aka ɗauko daga Kabul, shi ma ɗan baya ne. Sabon da aka ƙera ya tashi a Dübendorf ta Suwizalan a 2016 kuwa injin Pratt & Whitney mai silinda a zagaye aka sa masa, don haka hancinsa ba ya mana amfani, sai dai a duba yadda aka haɗa faifan fata. Doka a nan: hoton da ba a san shekararsa ba, ba a ɗaukar awo daga gare shi.

19 ga Oktoba

Kaya sun haɗu. Farantan alminiyam na maɗaba'a da aka gama aiki da su guda 14, kaurin milimita 0.15. Bututun alminiyam mai faɗin milimita 4, mita 20. Filawud na milimita 3 don haƙarƙarin gangar jiki, na milimita 12 don allon da za a kafa aiki a kai. Gam mai ruwa biyu, asiton, samfefa lamba 240 da 600.

Farantin maɗaba'a fuska biyu gare shi. Wadda ta ɗauki tawada tana da ɗan kaushi, ita ce ke riƙe gam, ita za ta kalli ciki bayan an wanke ta da asiton. Mai santsin ta kalli waje. Kaurin 0.15 in aka ninka shi goma ya zama milimita ɗaya da rabi, ya fi fatar jirgin asali kauri nesa ba kusa ba, amma abin da ya fi shi siriri yatsa kaɗai ke lotsa shi.

2 ga Nuwamba

Gwajin farko na fitar da tudu da kwari bai yi ba, kuma laifin tsari ne, ba na hannu ba.

An feƙe rola biyu na ƙarfe, kowace faɗin milimita 40, tsawo 160, da ramuka a zagaye, tazarar milimita 3 tsakanin tudu da tudu, zurfi 0.8. Aka tura faranti tsakaninsu. Gefe da gefe ya fito da kyau, tsakiya ta tsage tsawon faifan gaba ɗaya, sau huɗu a jere. Dalili shi ne kwano yana cin faɗi. A wannan tazara da zurfi, sai an ba da milimita 115 na shimfiɗaɗɗen faranti kafin a samu 100 na mai layi. Rolar da ke cizon layuka 50 lokaci guda ba ta barin ƙarfe ya jawo kansa daga gefe ya shigo tsakiya. Na bakin gefe yana da inda zai jawo, na tsakiya an danne shi hagu da dama, sai ya miƙe har ya yage.

An ajiye rolar. An haɗa matsi mai fitar da layi ɗaya-ɗaya: farantin ƙarfe na ƙasa mai tsawon milimita 300, an manna masa wayoyin ƙarfe na milimita 1.5 a jere da tazarar 3. Na sama waya biyu kacal gare shi. Ta farko tana zama cikin kwarin da aka riga aka yi, ta biyu ta danna sabo. A matse a bayis, a saki, a matsar da faifan layi ɗaya, a sake matsewa. Faifai mai faɗin santimita 10 layi 33 ne, yana cin kamar minti 20. Aikin haƙuri ne, amma ƙarfen yana samun damar shigowa daga gefen da ba a taɓa ba, kuma babu wanda ya sake tsagewa ta wannan hanya.

9 ga Nuwamba

Matsala biyu suka biyo baya.

Ta farko, ƙananan tsaga a kan ƙoƙon tudu, sai an ɗaga faifan ga haske ake ganinsu. Farantin maɗaba'a a taurare yake zuwa daga masana'anta, dole a tausasa shi da wuta kafin a lanƙwasa. A shafa busasshen sabulu a zana layuka a kansa, a ɗora shi bisa farantin ƙarfe na milimita 3, a hura wuta daga ƙasa. Da zarar zanen sabulun ya koma baƙi, a sauke. Kada harshen wuta ya taɓa alminiyam ɗin kai tsaye. Ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ya yi gargaɗi, yana kaiwa digiri 660 sai kawai a ga rami. Faranti biyu sun tafi a haka. Bayan tausasawa yana yin laushi sosai, amma matsin kansa yana mayar masa da wani ɓangare na taurinsa.

Junkers bai yi fama da wannan ƙarfen ba. Nasa duralumin ne, alminiyam da aka gauraya da jan ƙarfe kamar kashi 4 cikin ɗari da ɗan wasu ma'adinai. Alfred Wilm ne ya gano a 1906 cewa in an gasa wannan haɗin aka tsoma a ruwa, da kansa yake ƙara tauri cikin 'yan kwanaki. Walda kuma tana kashe masa ƙarfi, shi ya sa jirgin duka da ƙusar ribit aka ɗinke shi.

Ta biyu, tazara tana zamewa. In wayar da ke riƙe kwarin baya ba ta zauna daram ba, kowane layi yana ƙaruwa da kamar 0.1. Kamar ba komai, amma sau 33 ya zama milimita 3.3, ya wuce layi guda cur. Faifai biyu da za su haɗu baki da baki sai tudun wannan ya faɗa kwarin wancan. Yanzu bayan kowane layi goma ana ɗora ma'auni, dole ya nuna 30. In ya nuna 31, a jefar tun ba a ɓata minti 20 ba.

30 ga Nuwamba

Tsakiyar fiffike. Nan ne zuciyar jirgin, kuma wanda bai fahimce ta ba zai ɗauka F 13 akwati ne da aka liƙa wa fikafikai.

A 1919 jiragen da ke ɗaukar fasinja kusan duk na yaƙi ne da aka yi wa kwaskwarima, katako da yadi, fiffike biyu sama da ƙasa, an ɗaure da wayoyi. Shi kansa kamfanin Junkers ya fara da ɗora murfi a kan kujerar baya ta jirgin yaƙinsa J 10. J 13 kuwa fiffike ɗaya ne, a ƙasa, mai kauri, babu waya babu tokari daga waje. Bututun duralumin tara ne ke ɗauke da shi, an jera su ta sama da ta ƙasa, an sarƙe su da ƙananan tokare a karkace. Sashen tsakiya na wannan saƙa ya ratsa ƙarƙashin gangar jiki, ɗakin fasinja a kansa yake zaune. In jirgi ya sauka da ƙarfi, wannan tarin bututu ne ke fara shan dukan kafin ya iso ga mutane. Fikafikan waje kuma da manyan notuna ake ɗaure su a bakin bututun tsakiya, a kwance su in za a loda jirgin a jirgin ƙasa ko na ruwa.

A namu an yi bututu taran a tsakiya da fiffiken hagu, domin za a bar ƙasan fiffiken hagu babu fata a ga saƙar. Na dama bututu huɗu ne da haƙarƙarin filawud, tunda a rufe zai kasance. Tokare 126 aka yanka daga ragowar faranti, kowane an naɗe shi kamar harafin U don ya yi ƙarfi.

Mahaɗar fikafikai da tagulla aka so yi, aka fasa. Tagulla da alminiyam in suka haɗu da laima, alminiyam ne ke ciwuwa ya zama farin gari. An koma ƙarfen da ba ya tsatsa, da gam a tsakani.

7 ga Disamba

An ɗora fikafikan a allo an auna. Bakin na hagu ya fi na dama tsawo daga allo da milimita 6. A kan santimita 74 wannan kusan rabin digiri ne, kuma ido yana kama shi daga gaba. Gam mai kamawa cikin minti biyar ne ya jawo. Yana kamawa da wuri amma ba ya taurara sosai, in akwai zafi yana saki a hankali. An ɗumama mahaɗar dama aka zare, aka kankare, aka sake da gam mai kwana ɗaya, an tokare bakin kowane fiffike da gungumen katako mai tsawo ɗaya har ya bushe. Daga yau mai minti biyar na kujeru ne kawai.

Duk inda za a sa gam a alminiyam: samfefa 240, asiton, gam cikin minti goma. In an bari ya kwana, a sake gogewa.

28 ga Disamba

Gangar jiki ta sha fata, ban da hanci. A nan kwano abokin tafiya ne, domin layukan daga hanci zuwa wutsiya suke tafiya, faifan kuma yana naɗuwa cikin sauƙi ta ɗaya ɓangaren, kamar yadda ake naɗe tabarma. Wahalar tana baya, inda jiki ke tsukewa zuwa wutsiya alhali layuka ba sa tsukewa. Faifan gefe ana barin layukansa a miƙe, a yanke bakinsa na sama da na ƙasa a karkace, layuka su riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a kan kusurwa, sai a rufe kusurwar da siririn ƙarfe mai faɗin milimita 4. Faifai 22 suka shiga.

Kawunan ribit tun kafin mannawa ake fitar da su, daga baya, da allurar da aka dakushe, faifan na kwance a kan roba mai tauri. A cikin kwari suke, a layin da fata ta taɓa abin da ke ƙarƙashinta. Kada a yi su a ko'ina don ado. Layin ribit yana gaya wa mai kallo inda ƙashi yake, in aka sa shi inda babu ƙashi, wanda ya san jirgi zai gane nan take.

18 ga Janairu

Fatar fiffike ta ci mako uku. A fiffike layukan daga gaba zuwa baya suke, bin iska, kuma ta nan ɗin ne doron fiffike yake lanƙwasa. Wato dole a tanƙwara kwano ta ɓangaren da aka yi shi don ya ƙi tanƙwaruwa. Da hannu, faifan karyewa yake yi wuri guda, tudun ya ɓurma.

Rolar nan biyu da aka ajiye a Nuwamba ita ta fitar da mu. An ƙara ta uku a baya, aka mayar da su injin lanƙwasa. Tunda faifan ya riga ya samu layukansa, ramukan rolar riƙe su kawai suke yi kada su baje. A wuce da faifai sau takwas zuwa goma, kowane wuci a ɗan ƙara matse rola ta uku kamar kwatan juyi. Doron sama ya fito lafiya a haka.

Bakin gaba na fiffike ne ya ƙi. Lanƙwasar ta yi tsanani, musamman can wajen ƙarshe inda fiffike ya sirance. Faifai biyar sun tsage kafin a gane sai an sake tausasa wurin da wuta a tsakiyar aiki, domin matsi da rola sun riga sun taurara shi. Yanzu tsarin: tausasa, fitar da layi, rola har rabi, sake shafa sabulu a santimita 3 na gaba a gasa, sannan a ƙarasa a kan sandar katako da aka fere daidai bakin fiffike.

Lissafin nauyi ya yi kusa da abin da sikeli ya nuna. Fiffiken asali murabba'in mita 34.5 ne, namu 0.345. Sama da ƙasa, da ƙarin kashi 15 na kwano, kusan giram 320 ke nan in an rufe duka. Da ƙasan hagu a buɗe, an samu 250 da ɗoriya.

Ƙurar hunturu ta hana ko gwajin fenti. Komai yana cikin leda.

8 ga Fabrairu

Ɗakin fasinja, wanda dominsa aka yi jirgin.

Mutum huɗu yake ɗauka: kujeru biyu a gaba, benci na mutum biyu a baya, tagogi a gefe, ana ɗumama shi, kuma kujerun da bel na ɗaure jiki, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ba shi ne ɗaki rufaffe na farko a sama ba. Avro Type F na Ingila ya rufe matuƙinsa tun 1912, Ilya Muromets na Igor Sikorsky a Rasha kuma yana da ɗaki mai ɗumi har da ban ɗaki kafin yaƙin 1914 ya mayar da shi mai jefa bom. Amma waɗancan katako ne da yadi. Na Dessau shi ne na ƙarfe zalla da tun daga takardar zane fasinja aka nufa da shi. Abin dariyar shi ne matuƙa biyu a gaba ba su samu wannan gata ba: wurinsu ba a rufe yake duka ba, iska na shigo musu ta gefe. Matuƙan wancan zamani sun fi yarda da iskar da ke dukan kuncinsu fiye da agogunan gabansu.

An yi ɗan mutum na kwali mai tsawon santimita 17 don gwada zama. Da shi aka gane kujerun farko sun yi tudu da milimita 5, kansa yana gogar rufi. An rage ƙafafunsu. Kujerun katako mai laushi ne, an lulluɓe da fatar da aka fere ta yi siriri kamar takarda, domin fata mai kaurin milimita ɗaya a wannan ma'auni kamar an rufe kujera da kilishi mai kaurin yatsa ne. Bel ɗin ƙyalle ne mai faɗin milimita 5.

Ƙofa ta koya mana darasi mai tsada. An yanke ramin ƙofar hagu kafin a manna firam, faifan ya saki, layuka suka buɗe, ramin ya faɗaɗa da milimita 2 kuma bai koma ba. Sai da aka ɓare faifan gefen gaba ɗaya aka yi sabo. Yadda ya kamata: a manna firam biyu ta ciki, na bango da na ƙofa, da ratar rabin milimita a tsakaninsu, a bari su kwana, sannan a bi ratar da siririn zarton maƙeran zinariya. Guntun da ya fita shi ne ƙofar, don haka layukanta suna haɗuwa da na jiki daidai. Haka aka yi ta dama, ta fito tsaf. A tuna fasinja ta kan fiffike yake takawa ya shiga, don haka akwai wurin taku a gindin fiffike da za a ƙara.

Tagogi robar gilashi ce ta rabin milimita. An gwada gam mai kamawa nan take a ɗaya, tururinsa ya sa ta yi fari kamar hazo. Sauran da farin gam na kafinta aka kafa su, yana bushewa garau.

1 ga Maris

Inji. Jirage biyu na farko sunayen 'ya'yan Junkers mata aka sa musu, Herta da Annelise. An fara da injin Mercedes D.IIIa, sannan BMW IIIa mai doki 185, wanda da shi Annelise ta kai mita 6,750 ɗauke da mutum takwas ranar 13 ga Satumban 1919. Namu BMW ɗin za a kwaikwaya. Silinda shida a jere, mai sanyaya da ruwa, lagireto a can gaban hanci, farfelar katako mai kunne biyu. Silinda daga sandar alminiyam ta milimita 14 aka yanka su. Salansar da ke tasowa sama kamar ƙaho bututun jan ƙarfe ne, an cika shi da busasshen yashi an toshe baki biyu kafin a lanƙwasa, in ba haka ba yana mannewa a gwiwa.

Za a sa bututun mai a inda ake ganinsu in an ɗaga murfin inji, da wayar jan ƙarfe ta 0.8. Wurin yana da tarihi mara daɗi. John Larsen ya kai jirgin Amurka da sunan JL-6, hukumar gidan waya ta saya don jigilar wasiƙu a 1920, kuma wasu suka kama wuta a sama saboda man da ke yoyo daga bututu a wajen inji. A ɗaya daga cikinsu matuƙi Max Miller ya rasu a Satumban shekarar. Jikin ƙarfe bai hana wuta ba tunda mai ne ke ci.

Akwai kuma ƙaramin tanki a can baya wajen wutsiya, wanda ake tura masa mai ko a janye don daidaita nauyi in fasinja sun ƙaru ko sun ragu. An yi shi, amma ba za a gan shi ba sai an haska fitila ta ƙofa.

15 ga Maris

An tsayar da jirgin kan ƙafafunsa karon farko, ya kwana, da safe tayoyin sun baje da milimita 9. Jirgin asali babu kaya kusan kilo 950 ne, wanda a wannan ma'auni ya kamata ya zama ƙasa da kilo ɗaya. Namu kilo 2.1 ne tun ba a ɗora wutsiya ba, bututun alminiyam na milimita 5 ba zai ɗauka ba. An zura wayar ƙafar babur ta milimita 3 cikin kowace ƙafa, ta wuce har cikin saƙar tsakiyar fiffike, aka cika da gam mai kwana ɗaya. Kwana huɗu yanzu awon bai motsa ba.

Wutsiya na kan allo. An yanke ta sau ɗaya bisa wani zane da daga baya aka gane na ƙirar baya ne, ta fi ta 1919 tsawo da faɗi, an ajiye ta gefe. Ana sake zana ta daga hotuna uku masu shekara a jiki. Faifan hanci huɗu ba a fara ba, domin lanƙwasarsu ta ɓangare biyu ce kuma rolar ba ta yin wannan, sai an sassaƙa gungumen katako a buga a kai. Faranti uku suka rage cikin 14, ana bukatar aƙalla biyar.